Yadda Likitan CNSS Ke Auna Gaskiyar Rauni

Idan ma'aikaci a Yamai ya ce daga kan tsani ya faɗo a wurin gini, mai kamfani kuma ya ce tsohon ciwo ne, hukumar CNSS mai biyan diyyar hatsarin aiki ba ta raba gardamar da rantsuwa. Likitanta take turawa, kuma aikin wannan likita abin a tsaya a kalla ne.

Da takarda yake farawa. Doka ta ba mai kamfani awa 48 ya sanar da hatsari, don haka likita kan jera sanarwar da shaidar likitan da ya fara ganin raunin, ya duba ko rana da lokaci sun dace. Hatsarin hanya ma na cikin lissafi: wanda ya taso daga unguwar Harobanda ya faɗi da babur a Gadar Kennedy kan hanyarsa ta zuwa aiki yana da hakki.

Daga nan sai ya bar mutum ya ba da labari da bakinsa, ba ya katse shi. Ya san kowace faɗuwa da irin ɓarnarta. Wanda ya tokare ƙasa da tafin hannu, wuyan hannu ne ke karyewa. Wanda ya diro daga sama a tsaye, ƙashin diddige ne ke shan wahala. Yana saurare, idonsa kuwa na kan yadda mutumin ya zauna da yadda ya cire takalmi.

Sai awo. Yakan ɗauko tef irin na tela, ya auna kaurin cinyoyin biyu a daidai wuri ɗaya sama da gwiwa. Ƙafar da aka daina takawa saboda ciwo takan rame cikin 'yan makonni, kuma wannan ramar ba ta yin ƙarya. Akwai kuma goniyomita, wato ma'auni mai hannu biyu da ke nuna iyakar lanƙwasar gaɓa. Lafiyayyar gwiwa kan kai wajen digiri 135. Sau biyu yake aunawa: mutum ya lanƙwasa da kansa, sannan likita ya lanƙwasa masa a hankali, ya kwatanta. A hoton ƙashi, sabuwar karaya bakinta da kaifi, bayan mako biyu zuwa uku sabon ƙashi ya fara taruwa a kewayenta, tsohuwa kuwa ta riga ta goge.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne sanin iyakar kayan aikin. Ciwon baya na iya hana birkila ɗaga bulo alhali hoto bai nuna komai ba. Lebura mai jin Zabarmanci ko Hausa kaɗai na iya rikicewa gaban tambayoyin Faransanci, kuma rikicewa daban, ƙarya daban. Malalaci zai buga hatimi ya wuce. Gwani kan nemi tafinta, ya sake tambaya, ya sake awo wata rana, don ya san abincin gida guda na rataye a bakin alƙalaminsa: kuɗin jinya, diyyar kwanakin da ba a yi aiki ba, da kason nakasa wanda a kansa ake lissafa abin da za a riƙa biya.

Ɗan'uwa ma'aikaci, ranar da ka ji rauni ka je asibiti a ranar, ka faɗi yadda abin ya faru ba ƙari ba ragi, ka kuma adana kowace takarda da aka ba ka.