Daga Dala Zuwa Gidan Makama

'Yan uwana mata, ranar da maigidana ya ce zai kai ni Birni daga ƙauyenmu na wajen Ɗambatta in ga Dutsen Dala, sai da Inna, uwar mijina, ta riƙe baki. "Ke 'yar nan, me za ki je nema a wurin tsafi?" Na ce, "Inna, gani ai ba bauta ba ne."

Mun hau dutsen ina haki. A nan tarihi ya ce Barbushe ya zauna, shi ne mai kula da Tsumburbura, yana faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. To wallahi ko ɓurɓushinta babu. Tun ƙarni na 14, zamanin Sarki Tsamiya da Sarki Yaji, aka kawar da ita. Sai iska, sai Kano shimfiɗe a ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, wannan kam ba mu yi asara ba.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne Gidan Makama, gidan da aka gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau sarauta a 1463, wanda ya zama gidan tarihi. Na yaba da ginin: ƙasa zalla, ga daurin guga, ga sanyi ba fanka. Na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi. Amma ni abin da ya tsayar da ni, kayan gida ne irin na da. Na tuna akushin kakata da na bar wa kaji suna shan ruwa, da ƙoren jerenta da muka zubar da aka kawo mana roba. Ashe abin da na wulaƙanta a tsakar gida shi na biya kuɗin mota na zo kallo!

Nan laifinmu yake. Kakanninmu sun yar da tsafi da saninsu, mu kuwa mun haɗa da akushi da faifai da mazari mun watsar, wai ƙauyanci ne. Gobe 'yarki ta tambaye ki da me aka yi wa kakarta jere, me za ki nuna mata?

Da na dawo na wanke akushin nan na shafe shi da man gyaɗa. Inna ta daɗe tana juya shi a hannu, ba ta ce komai ba. Allah Ya sa mu gane, amin.