Masu Shata Burtali a Ƙasar Maraɗi

Kafa turken siminti a bakin burtali ba wani aiki ba ne, lebura biyu da amalanke sun isa. Inda gizo ke saƙa shi ne a sa manomin da ya yi shekara da shekaru yana shuka gero a kan hanyar shanu ya buɗi baki da kansa ya ce ya janye. Ƙananan hukumomin Nijar da dama sun ƙware a wannan, musamman a jihar Maraɗi, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan.

Ba a banza suka koya ba. A 1991 rikicin manoma da makiyaya a ƙauyen Toda ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. A 1993 ƙasar ta kafa dokar karkara, wadda ta haifi kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi 265 a 2004, tsarin ya sauka har ƙasa: a lokacin aka sa kwamitin ƙaramar hukuma a hannun magajin gari, na ƙauye yana hannun maigari, kuma ana ware kujerar manoma, ta makiyaya, ta mata da ta matasa. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi.

Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin shirin raya ƙasa na shekaru, kuma da wuya ka buɗe shi ba ka ga maganar burtali ba. To, rubutu kam kowa ya iya.

Gwanin wannan aiki ba ya fara wa da igiyar awo. Gaisuwa yake fara kaiwa, wajen maigari daban, wajen arɗo daban, don kowa ya amayar da abin da ke cikinsa ba idon abokin gaba. Ya san kuma lokacin da zai zo: da rani, gona ba shuka, zuciya ta huce. Wanda ya ɗago zancen burtali gero na bununi ya nemi faɗa da hannunsa.

Sai ranar taka sawu. Ana fita da ƙafa, dattawa a gaba, ma'aikacin ofis a baya da littafinsa. Ba zai ce wa tsoho ya ci iyaka ba. Tambaya zai yi: "Baba, da kuna yara, ta ina shanu ke bi su sauka tafki?" Tsohon zai nuna wata tsamiya, wani ya nuna kututturen aguwa da ya rage daga tsohon shinge, wani ya tuna rijiyar da ta rufta. Kafin azahar hanyar ta fito daga bakin mutanen gari, har da bakin wanda gonarsa ta hau kanta. A nan ne nake sara wa masu wannan aiki, domin sun gane cewa Bahaushe zai iya haƙura da kadada, amma ba ya haƙura da a kunyata shi gaban surukansa. Saboda haka ake barin mai gonar ya zama shi ya bayar, a yi masa godiya a bainar jama'a, liman ya shafa fatiha.

Makiyayi ma ba ya tashi hannu rabbana. Ana jin ta bakinsa kan faɗin da garke zai wuce ba tare da ya fantsama cikin shuka ba, da inda dabbobi za su kwana, da mashaya, tunda burtalin da bai kai ga ruwa ba sunansa kawai burtali. Shi kuma ya ɗauki alkawarin ba zai shiga gona ba sai hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki bayan kaka.

Daga nan a shafa fenti a jikin itatuwa, a rubuta takardar yarjejeniya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ajiye kwafi a ofishin Kofo. Siminti shi ne na ƙarshe, kuma galibi kuɗinsa daga ƙungiyoyin agaji yake fitowa, don asusun ƙaramar hukuma bai cika ɗaukarsa ba. Masu dabara kan dasa aguwa a tsakanin turakun, tunda dabba ba ta cin ta, kuma reshe ake yanka a soke a ƙasa ya kama.

Aikin bai ƙare ba ko da an kafa turke na ƙarshe. Akwai mai zuwa da dare ya matsar da turke taku biyar, shi ya sa kwamitin ƙauye ke zagayawa da faɗuwar ruwan shuka. Akwai kuma garmani, ciyawar nan da ta mamaye burtulla da makiyayu da yawa a Maraɗi, dabbobi ba sa son ta, ga ta da kashe ciyawar kirki. Inda shugaban ƙaramar hukuma ya san aikinsa, gayya yake kira a tuge ta kafin ta zubar da iri, a watsa irin ciyawar kiwo a gurbinta.