A Arlit, son agogo daga rami ya fito

Shekarun baya kaɗan, idan ka tambayi saurayi a Arlit ƙarfe nawa, aljihu zai laluba ya zaro waya. Yau ma wayar yake dubawa, amma ga agogo ɗaure a hannunsa, wani lokacin ma ko saiti ba a yi masa ba. A fada, tsakanin shayin farko da na biyu, ana kwance agoguna ana miƙa wa juna, ana gwada nauyinsu a tafin hannu, ana gardamar wanne ne orijina. Akwai yaran da suka tara biyar ko shida, kowanne da tufar da yake hawa. Wannan yayi bai ɓata mini rai ba, don ni ma ciwon ya daɗe da kama ni. Abin da ke damuna shi ne mun duƙufa tara abin da bai cancanci tarawa ba, alhali agogunan da ya kamata a adana suna can ƙasan akwatunan iyayenmu suna shan ƙura.

Kafin a haƙa rami a nan, ba wanda yake da buƙatar agogo. Makiyayin Abzin inuwa da taurari sun ishe shi. Manomin da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa neman aiki, lokacinsa hantsi ne da azahar da la'asar da almuru. Kamfani kuwa bai san hantsi ba, ƙarfe shida saura kwata ya sani. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da ƙarfen yuraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a 1978, kuma nata ramin na Akuta, kusa da Akokan, a ƙarƙashin ƙasa yake, zurfin mita 250. Wanda ya nutsa can ba ya ganin rana balle ya auna inuwa ya san azahar ta yi. Aiki na karɓa-karɓa ne dare da rana, motar ɗaukar ma'aikata ba ta jiran kowa, wanda ya makara kuma a takardar albashinsa zai gani. Saboda haka agogo ya shigo garin nan a matsayin kayan aiki, sahu ɗaya da hular kwano da fitilar goshi. Kirarin da Bahaushe ke yi masa, agogo sarkin aiki, a Arlit ba wasa ba ne.

Daga baya ne ya zama ado, kuma zamani ne ya ba shi dama. A tsakiyar shekarun 1970 farashin yuraniyom ya yi tashin gwauron zabo, kuɗi ya shigo, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa har Arlit, garin ya sami laƙabin Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpaï ɗan ƙasar Benin ya ba fim ɗinsa na 2005. Leburan da ya karɓi albashin farko, bayan ya aika wa gida, rediyo da agogo ne a gabansa. Wasu agogunan daga Kano 'yan kasuwa ke kawo su, wasu tsarabar Makka ne, wasu kuma a lefe suka shiga gidaje. Alhaji yakan fi son Rado DiaStar, wanda ya fito a 1962, saboda jikinsa ba ya ƙarcewa ko ya gogi ƙarfe. Ma'aikaci kuwa Seiko 5 ne nasa, ko Orient, ko Citizen. Abin mamaki, ramin da yake shiga ma akwai hannun Japanawa a ciki: kamfaninsu OURD ya riƙe kashi 25 cikin ɗari na COMINAK shekaru da dama. Ƙarfen ƙasarmu yana tafiya can ya ba su lantarki, agogonsu yana zuwa nan ya tashe mu aikin haƙo shi.

Seiko 5 bai sami karɓuwa a banza ba. Tun 1963 da aka fara ƙera shi, ba ya cin batir kuma ba sai an yi masa wani ba. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke lilo duk lokacin da hannu ya motsa, shi ke ɗaure sifirin ɗin da ke tuƙa injin. Ma'ana, muddin mai shi yana aiki, shi ma yana aiki. Yana nuna rana da kwanan wata a taga ɗaya, wasu da Faransanci, waɗanda suka biyo ta Saudiyya kuma da Larabci. An lafe maɓallinsa wajen ƙarfe huɗu don kada ya riƙa sarƙewa a kaya. Ga gari mai ƙura da zafi, nesa da kanti, wannan shi ne daidai.

Sai dai tun a lokacin mai kashe shi ya riga ya fito, kuma daga gida ɗaya. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ɗan dutsen kwatz, wanda ke karkarwa sau 8,192 a daƙiƙa guda. Cikin shekara goma sha biyar ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga wajen 90,000 zuwa kusan 30,000. A nan kuma farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka yi ta rage ma'aikata, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka ninka kuɗi. Casio F-91W, ɗan baƙin robar nan da ya fito a 1989, shi ya gaji hannun talaka: ga araha, ga ƙararrawar tashin asuba, batirinsa kuma sai ya shekara bakwai. Daga nan waya ta zo ta share kowa.

Yayin da muke ciki yanzu wani kuɗin ne ya haife shi. Tun 2014 da aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten, samari da yawa sun riƙe abin da iyayensu ba su taɓa riƙewa a dunƙule ba. Ga kuma waya tana nuna musu hannun mawaƙa da 'yan ƙwallo. Kasuwa ta amsa kira da kwalaye cike da agoguna masu rubutun Rolex da Patek Philippe da Hublot, a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Kowa ya san jabu ne, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani. Ban ga laifin yaron da ya fara da su ba, don ido ne ƙofar sha'awa, kuma kowa da inda ya shigo. Amma jabu ba ya kai mutum ko'ina. Ruwan zinariyarsa gumin bazara ɗaya ke cinye shi. Idan ya tsaya ba mai gyara shi, don kuɗin gyaran ya fi kuɗin sabo. Ba ka da abin da za ka koya daga cikinsa, ba ka da labarin da za ka bayar a kansa. Mai goma irin wannan saye yake ta yi, bai fara tarawa ba.

Ni a iya lura da na yi, sha'awa ta gaskiya a teburin mai gyara take kama mutum. Kwanaki ina zaune wurin wani dattijo mai gyaran agogo, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage, sai wani saurayi ya zo da tsohon Seiko a ƙulle cikin tsumma, gilashinsa ya dushe, sarƙarsa ta saki. A hannunsa kuwa wani ƙaton jabu ne ke walƙiya.

"Baba, a saka wa wannan batir. Na mahaifina ne, Allah Ya ji ƙansa."

"Amin. Ɗana, ai wannan ba ya cin batir. Matso ka gani."

Dattijon ya maƙala madubin ƙara gani a ido, ya murɗe marfin baya, ya ɗan girgiza agogon a hankali. Wata 'yar ƙafa mai kama da zobe, siririn sifirin a tsakiyarta kamar gashi, ta fara kai da kawo, bugu shida a kowace daƙiƙa. Ya nuna masa 'yan jajayen duwatsun da ƙafafun ke juyawa a kansu don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ya nuna masa inda mai ya bushe ya haɗu da ƙura ya daskare. Sannan ya juya marfin ya karanta lambar da ke jiki. A agogon Seiko lamba ta farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma watan. Wannan ta fara da 9 da 3, irin injin kuma na ƙarshen shekarun 1970 ne, wato Maris ɗin 1979. Yaron ya yi shiru yana lissafi, ya ce a wajejen nan ne mahaifinsa ya kama aiki a Akuta. Bai sake duban na hannunsa ba har ya tashi. Tambayar da ya bari ita ce ko akwai wasu irin wannan da za a iya samu.

Haka abin yake farawa ko'ina a duniya. A 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a birnin New York a kan dala miliyan 17.8. Na ƙarfe ne, ba zinariya ba, kuma akwai irinsa da yawa da ba su kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Abin da aka saya shi ne hannun da ya ɗaura shi da 'yan kalmomin da matarsa ta sa aka zana a bayansa. Idan masu kuɗin duniya labari suke biya, me zai sa mu da muke da agogunan da suka yi shekara ashirin suna shiga ramin Akuta mu raina su mu bi kwali?

Na san abin da wasu za su ce. Garin da COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki ban da na 'yan kwangila, garin da albashi ya shiga halin rashin tabbas tun kafin gwamnati ta karɓe SOMAÏR daga hannun kamfanin Orano a Yunin 2025, ina shi ina tara agogo? Ba almubazzaranci ba ne? Idan ana nufin cika akwati da jabu, ko namiji ya ɗaura zinariya wadda addini ya hana shi, to na yarda. Amma wanke tsohon agogo a zuba masa mai, kuɗinsa bai kai na jabu biyu ba, kuma a hannun mai sana'a ɗan garin kuɗin ke tsayawa. Idan maɗaurin ya mutu, dukawanmu da suka iya jakar fata da kuben takobi ba za su kasa ɗinka wani ba.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba a kan duk mai bin tsoffin agoguna, kuma mu mutanen Arlit mun fi kowa saurin gane shi. Agogunan da aka yi kafin shekarun 1960, masu lambobin da ke haske a duhu, da yawansu da radiyom aka shafe su. Radiyom kuwa ɗan yuraniyom ne, daga dutsensa Marie da Pierre Curie suka fitar da shi a 1898, kuma yana cikin tarin dusar ma'adinin da ke jibge bayan garinmu. A Amurka, 'yan matan da ke shafa wannan fenti a garin Orange na jihar New Jersey an koya musu su riƙa daidaita bakin buroshi da leɓe. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawa suka mutu, biyar daga cikinsu suka kai ƙara aka sasanta a 1928. Hasken fentin yakan mutu bayan wasu shekaru, amma radiyom ɗin sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Mu da masu binciken CRIIRAD, tare da ƙungiyar Aghirin'man, suka iske gurɓatattun ƙarafa a kasuwarmu a 2003, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Idan ka sami irin wannan agogo, lambobinsa sun yi ruwan ƙasa suna marmashewa, kada ka buɗe, kada ka kankare, kada a hure shi da baki yadda masu gyara suka saba. Na shekarun 1970 zuwa sama galibi ba su da wannan matsala.

Lokaci kuma ba ya tare da mu. Tsoffin ma'aikata suna komawa garuruwansu da kayansu, wasu suna rasuwa, a rabon gado kuma agogon da ya tsaya ba wanda ke kallonsa, ƙarshenta yara su yi wasa da shi. Kamfanoni suna da kundin tan nawa aka haƙa kowace shekara. Waɗanda suka haƙa kuwa ba su bar kundi ba sai katin aiki, da 'yan hotuna, da abin da suka ɗaura a hannu. Masu gyaran ma tsufa suke, kuma duk yaron da ke da hannun aiki gyaran waya ya nufa, don can ne ciniki yake. Ranar da na ƙarshensu ya naɗe tebur, kowane Seiko a garin nan ya zama kwalliyar akwati.

Don haka ga shawarata ga samarin fada. Kafin ka sayi na shida, tambayi mahaifiyarka ko kawunka ina agogon baba yake. Kai shi a wanke, ka zauna ka kalli aikin, ka biya ba tare da ja-in-ja ba. Nemi 'yar takarda ka rubuta sunan mai shi, da shekarar da ya saya, da sashen da ya yi aiki, ka ajiye tare da shi. Idan kana da ƙane mai natsuwa da kaifin ido, ka kai shi wurin dattijon ya koya ko da a ranakun da ba makaranta. Jabun kuma ka ci gaba da ɗaura shi zuwa biki idan yana burge ka, ba wanda ya hana, amma kada ka lissafa shi cikin abin da ka tara.