Furar Inji da Furar Turmi

A Faransa da Ingila da Amurka akwai masu yawon neman ƙananan gidajen haɗa giya, su je har inda ake yin ta, su gana da mai yi, su saya daga hannunsa. Mu dai giya haramun ce, kuma tun shekarar 2000 da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci ba ta da wurin zama a fili. Amma ɗabi'ar bin mai sana'a har gida abar koyi ce, domin mu ma muna da abin shan da ya isa a yi masa tattaki: fura da nono.

Yayin da ake ciki yanzu, daga Kano har garuruwan bakin hanya irin su Kankiya, shi ne furar inji. Shago da firiza, a jefa fura da yogot da sukari da ƙanƙara cikin injin markaɗe, kafin ka gyara zama an miƙo maka a roba. Ba na ƙin ta. Ta fi tsabta a ido, ƙuda bai samun rabonsa, kuma matasa da dama sun samu abin yi. Abin da ke damuna shi ne ɗanɗanonta ɗaya ne ko'ina. Ka sha ta nan, ka sha ta can, ba ka iya cewa ga hannun da ya yi ta.

Furar turmi kuwa tana da mai ita. A surfa gero, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da masoro, wata ta ƙara barkono, wata ta ce sam. A cura a jefa cikin tafasasshen ruwa, a tsame a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, sannan a mulmula a barbaɗe da gari. A wurin kirɓin nan ake gane gwana, domin furar da ba ta kirɓu ba gudaji take yi, komai ƙoƙarin mai damu da ludayi. Shi ya sa a kowace unguwa, a Kusada ko Kankiya ko Ingawa, akwai gidan da ake aiken yaro takanas, ko da ya wuce gidajen fura uku a hanya.

Nonon ma haka. Kindirmo daban, tsala da aka kaɗe aka cire mata mai daban, kuma nonon damina bai zama ɗaya da na rani ba. Yogot mai yawa da ake damawa a shaguna daga madarar gari ya fito, ita kuwa daga ƙetare. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ce ƙasar na kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 a shekara wajen shigo da madara. Wannan a ƙasar da kasuwar Charanci, maƙwabciyar Kankiya, ke cika da shanu kowane mako!

Masu tallar nono su ma suna da nasu laifin. Wasu na tsuga ruwa, wasu na kaɗa garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri, kuma nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauko cuta. Maganin wannan shi ne sanin mai ƙwarya: wadda ta san gobe za ka dawo ba ta ha'intarka.

Satar shanu ta tarwatsa rugage da yawa a jihar nan, saboda haka ban ce kowa ya kutsa daji ba, da ɗan gari akan ci gari. Ranar kasuwa ta isa. Ka zauna gaban mai nono, ka tambaye ta daga wace ruga take, ka biya ba tare da ƙwaruwa ba. Ku kuma masu shago, ku riƙe injinku da firizarku, amma ku sayi kindirmo wurin matan Fulanin yankinku da fura wurin matan unguwa, ku rubuta sunan garin a jikin robar.