Rabe-raben Nazarin Tarihi a Matakin Digiri na Biyu da na Uku: Sharhi Daga Kwarin Gulbin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan yadda ake kasa nazarin tarihi a manyan makarantunmu. Bisa al'ada, akan raba shi ta fuskar yanki, watau Afirka, Turai, Asiya da Amurka. Da fuskar zamani, watau kafin zuwan Turawa, lokacin mulkinsu, da bayan samun 'yanci. Da fuskar ra'ayi ko mazhabar nazari. Ra'ayinmu shi ne wannan kashe-kashe yana sauƙaƙa koyarwa, amma yana gutsuttsura tarihin wuri guda har ɗalibi ya kasa gane shi. Za mu kafa hujja da ƙasar Bakura da Talata Mafara da Maradun.

2.0 Abin da Magabata Suka Yi

Bajamushen nan Kurt Krieger ya wallafa tarihin Zamfara a 1959, inda ya fi ba da ƙarfi ga jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu. A 1967 Murray Last ya fitar da littafinsa a kan Daular Sakkwato, wanda ya dogara da rubuce-rubucen Larabci na masu jihadi. Garba Nadama kuwa, a kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, 1977, ya bi tasowar daular Zamfara da faɗuwarta, bisa tafarkin da Abdullahi Smith ya shimfiɗa a Zariya. Sai Bjorn Beckman, wanda a 1985 ya dubi rikicin Bakolori ta mahangar gwagwarmayar manoma da gwamnati da 'yan jari-hujja.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya cancanci yabo. Sai dai idan muka jera su, za mu ga kowanne ya tsaya a bakin iyakar zamaninsa. Ɗalibin da ya zaɓi ƙarni na 19 zai san cewa Abubakar Atiku ya riƙe ribaɗin Bakura kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1837, kuma Mafara ta yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman bore a 1891. Wanda ya zaɓi zamanin 'yanci zai san cewa an kammala madatsar Bakolori a 1978, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Ba safai ake neman ɗayansu ya tambaya ko akwai zaren da ya haɗa waɗannan al'amura ba.

3.0 Gulbi a Matsayin Ma'aunin Nazari

A ganinmu akwai zaren, shi ne gulbi da fadamarsa. Wa ke da ikon gona, wa ke karɓar haraji, wa ke yanke hukunci idan ruwa ya sauya hanya: waɗannan tambayoyi sun girmi jihadin 1804, kuma ba su ƙare da zuwan Turawa a 1903 ba. Binciken William Adams ya nuna cewa madatsar ta rage ambaliyar da manoman ƙasa da ita suka dogara da ita wajen noman shinkafa da kamun kifi. Wanda bai san tsohon tsarin fadama ba, yaya zai auna wannan hasara?

A nan ne tarihin duniya yake da amfani. Fernand Braudel na Faransa, a 1949, ya ɗauki Tekun Bahar Rum a matsayin abin nazarinsa, ba wata daula ba. Haka kuma, aikin noman rani na Jazira a Sudan, wanda aka soma a 1925, da babbar madatsar Aswan ta Masar, wadda aka kammala a 1970, sun isa a kwatanta su da Bakolori. Amma kwatance ba kwaikwayo ba ne. Kada ɗalibi ya ɗauko ra'i daga waje ya cusa Bakura a ciki don kawai ta zama misali.

4.0 Kammalawa

Muna ba da shawarar a buƙaci kowane ɗalibin digiri na biyu ya bi batu guda, kamar mallakar ƙasa ko ruwa, ya ƙetara da shi aƙalla zamani biyu, sa'an nan ya kwatanta shi da wani yanki na duniya. Wannan zai tilasta masa karanta Larabci da ajami, da takardun gidan adana tarihi na Kaduna, da kuma zama gaban dattawa. Lamarin na gaggawa ne, domin waɗanda suka shaidi 1980 da idonsu sun manyanta, kuma abin da ba a ɗauka daga bakinsu ba, da su zai tafi.