Zahiri da Baɗini a Bautar Hindu: Tarken Labarai Biyu daga Periya Puranam

1.0 Gabatarwa

Yawancinmu mun san ƙasar Indiya ta hanyar finafinai tun kafin mu san ta a littafi. A cikinsu mukan ga ana kunna fitila, ana kaɗa ƙararrawa, ana zuba madara da furanni a gaban abin bauta, amma ba kasafai mukan tambayi matsayin da mabiya addinin Hindu da kansu suka ba waɗannan ayyuka ba. Shin aikin da ido ke gani shi ne bautar, ko kuwa abin da zuciya ta ƙudurta? Wannan takarda za ta dubi amsar da wani littafin waƙa na harshen Tamil, wato Periya Puranam, ya bayar a labarai biyu. Akan ɗauka cewa saƙon labaran shi ne niyya kaɗai ta wadatar. A ganinmu, mai wannan fahimta rabin littafin ya karanta.

2.0 Littafin da Marubucinsa

Sekkilar ne ya tsara wannan littafi a ƙarni na 12, a kudancin Indiya. Bisa ruwayar da aka gada, shi waziri ne a fadar Kulottunga na Biyu, sarkin daular Chola (1133-1150). Littafin yana da baitoci fiye da 4,000, kuma shi ne na 12, na ƙarshe, a jerin littattafan Tirumurai da masu bautar Shiba na ƙasar Tamil ke girmamawa. Ya ƙunshi tarihin bayin Shiba 63 da ake kira Nayanar. A cikinsu akwai sarakuna da Birahamanai, wato ajin masu jagorancin bauta, akwai maginin tukwane da masunci da mai wanki da maharbi, akwai kuma mata uku. Wannan haɗa manya da ƙanana a sahu ɗaya shi ya ba marubucin damar auna ƙa'ida da ƙauna a ma'auni guda.

3.0 Labarin Maharbi Kannappa

Tinnan ɗan sarkin maharba ne, bai yi karatu ba, bai kuma san ƙa'idar tsarki ba. Wata rana ya bi aladen daji har zuwa dutsen Kalahasti, wanda a yau yake cikin jihar Andhra Pradesh. A can ya tarar da linga, wato ginshiƙin dutse da ke matsayin alamar Shiba, nan take ƙaunarsa ta kama shi. Ganin abin bautar shi kaɗai a dawa, sai ya ɗauki nauyin ciyar da shi da tsaronsa. Yakan gasa nama, ya ɗanɗana ya zaɓi mafi daɗi. Da yake hannu ɗaya na riƙe da baka, ɗaya na riƙe da nama, sai ya guntso ruwan kogi a baki, ya soka furanni a gashin kansa. In ya iso, sai ya ture furannin da ya tarar da takalminsa, ya fesa ruwan, ya kaɗe nasa furannin, ya ajiye naman, sa'an nan ya kwana yana gadi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙazanta ne a idon Birahaman da ke kula da wurin. Kullum in ya zo bayan maharbi ya tafi farauta, sai ya share, ya tsarkake, ya yi bauta bisa ƙa'ida, ransa a ɓace. Daga baya Shiba ya umarce shi cikin mafarki da ya ɓuya ya ga abin da zai faru. A rana ta shida sai jini ya ɓarke daga idon linga. Tinnan ya gwada magungunan daji ba su yi ba, sai ya ƙwaƙule idonsa da kibiya ya liƙa, jinin ya tsaya. Da ɗaya idon ya fara zubar da jini, sai ya ɗora ƙafarsa a kai don ya gane wurin in ya makance, ya kai kibiya ga idon da ya rage masa. A nan Shiba ya riƙe hannunsa. Daga nan aka san shi da suna Kannappa, domin kalmar kan tana nufin ido a harshen Tamil.

Abin lura a nan shi ne inda maharbin ya samo tsarin bautarsa. Ai tun ranar farko ya tambayi wanda ya sa furannin da ya gani, abokin farautarsa Nanan ya ba shi labarin yadda ya taɓa ganin Birahaman yana yi wa linga wanka, yana sa masa ganye da furanni. Ke nan wankan da yake yi da baki, da furannin da yake kaɗewa daga gashi, kwaikwayon aikin Birahaman ne. Ƙaunarsa ta nemi hanyar fita, kuma a cikin ƙa'idar da bai sani ba ta same ta. Bugu da ƙari, ba a ce Birahaman munafuki ba ne, ba a kuma ƙi bautarsa ba. An dai nuna masa cewa akwai abin da ma'auninsa ba ya iya aunawa.

4.0 Labarin Pusalar

Labari na biyu ya juya na farko ne. Pusalar Birahaman ne na garin Tiruninravur, masanin ƙa'ida, amma matalauci. Ya yi burin gina wa Shiba ɗakin bauta, ya nemi dukiya bai samu ba, sai ya shiga ginin a cikin zuciyarsa. A daidai lokacin, sarkin daular Pallava ya kammala wani babban ɗakin bauta na dutse a birnin Kanchi, wanda ake dangantawa da ɗakin Kailasanata na farkon ƙarni na 8. Ana gobe bikin buɗewa sai Shiba ya ce wa sarkin cikin mafarki ya ɗaga ranar, domin a ranar zai shiga ɗakin da Pusalar ya gina. Sarki ya je garin, mutane suka ce ba su san da wani sabon gini ba. Da ya sadu da Pusalar ya ji yadda abin yake, sai ya faɗi ya gaishe shi.

Mai gaggawa zai ce a nan an yi watsi da zahiri ɗungum. To amma yaya Pusalar ya yi gininsa? Ya tara kayan aiki da magina a zuci, ya zaɓi ranar sa harsashi, ya ɗaga bango da hasumiya, ya haƙa tafki, duk bisa tsarin littattafan Agama masu bayyana ƙa'idojin gini da bauta, har yakan hana idonsa barci. Wato bai zubar da ƙa'ida ko ɗaya ba, mayar da su ciki ya yi. Haka kuma, jinkirta bikin sarki aka yi, ba a soke shi ba.

5.0 Salo da Tsari

Gwanintar Sekkilar tana cikin yadda ya sa ayyuka suka yi magana. Bai cika mu da wa'azi a kan zuciyar maharbi ba. Nuna mana shi ya yi yana ɗanɗana nama, yana waiwayen linga kamar uwar da za ta bar jaririnta. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma da wannan dabara aka gina labarin duka. Akwai kuma salon karɓa-karɓa: maharbi ya ɓata, Birahaman ya gyara, kullum haka, har mai karatu ya ƙagu ya ga wa za a ba gaskiya. Ƙafar da ta ture furanni a farko, wadda ta zama shaidar rashin ladabi, ita ce a ƙarshe ta zama shaidar sadaukarwa, alhali aikin ƙafar bai sauya ba.

6.0 Inda Muke da Ja

Duk da haka, akwai wurare biyu da littafin bai gamsar da mu ba. Na farko, ba a yi wa taurarin biyu farashi ɗaya ba. Pusalar, ɗan babban aji, barci kawai ya rasa, amma maharbi sai da ya ba da ido kafin Birahaman ya gane matsayinsa. Bayan haka ma ba mu ga ƙa'idar ɗakin bauta ta sauya ga sauran maharba ba. An ɗaukaka mutum ɗaya, an bar tsarin aji yadda yake. Idan muka kwatanta da Basavanna, mawaƙin harshen Kannada na wannan ƙarni na 12, wanda ya fito fili ya soki bambancin aji, sai mu ga Sekkilar ɗan fada ne mai neman sulhu.

Na biyu, idan ƙarfin niyya yana halatta kowane aiki, ina iyakarsa? A cikin littafin nan akwai labarin Siruttondar, wanda ya yanka ɗansa ya dafa wa wani baƙo, ashe Shiba ne a ɓoye. An mayar masa da yaron da rai, amma mu'ujiza ce ta warware matsalar, kuma mai karatu ba shi da mu'ujiza a hannu.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa maharbi yana da ƙauna ba shi da sani, sai ya ari siffar bauta daga Birahaman, shi kuwa Pusalar yana da sani ba shi da dukiya, sai ya aikata ƙa'idar a zuci. A duka biyun niyya ce ke ba aiki daraja, amma ba inda ta tsaya ita kaɗai babu aiki. Wataƙila wannan ne ya sa labarin Kannappa bai tsufa ba: an mayar da shi fim da harshen Kannada a 1954, da harshen Telugu a 1976, aka kuma sake a 2025. Ga ɗalibanmu masu gwada rubutun ƙagaggun labarai, darasin shi ne, in ana son mai karatu ya yarda da abin da ke zuciyar tauraro, to a ba tauraron aikin da zai yi da hannunsa.