Sunan jirgi da kirarin mota

Gulbin Maraɗi ba ya ɗaukar jirgi. Yakan cika da damina, ya ratsa ta Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya janye ya bar rairayi da gonakin fadama. Abin da ke gudana rani da damina a wannan yanki shi ne kwalta, babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta nufi Maraɗi. A jikin motocin da ke bin ta ake samun adabin Hausa mafi gajarta, wanda kuma ya fi kowane littafi yawan masu karatu: «Haƙuri maganin duniya», «Rabo», «Allah ya kiyaye», «Sannu ba ta hana zuwa».

Wasu masu ilimin boko sukan karanta waɗannan kalmomi su ce alama ce ta mutanen da suka miƙa wuya, ba su ɗauki duniya da zafi ba. Kafin a yarda da haka, ya kamata a dubi inda sunan abin hawa ke nufin hutu da gaske.

A Ingila akwai hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu tun ƙarni na 18, ana jan gawayin kwal a kansu da dawaki. Jiragen sirara ne, faɗinsu mita 2 da ɗan ɗoriya, iyali duka na kwana a ɗaki guda a bayan kaya. Jirgin ƙasa ya ƙwace cinikin, sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan makonni, ya kusan ƙarasa abin da ya rage. Littafin L. T. C. Rolt mai suna Narrow Boat, na 1944, wanda ya ba da labarin tafiyarsa a jirginsa Cressy, ya taimaka aka kafa ƙungiyar kare hanyoyin a 1946. A yau masu yawon shaƙatawa da waɗanda suka yi ritaya su ne suka fi yawa a kan ruwan, doka ta hana su wuce kilomita 6 da rabi a awa, wasu daga sunayen jiragensu kuwa raha ce a kan jinkiri da rashin gaggawa. Sai da wahalar ta mutu aka sami damar yi mata dariya.

Direban da ke lodi a tashar Gidan Rumji bai kai nan ba. Sau da yawa motar ba tasa ba ce, akwai kuɗin mai ita da za a cika kafin dare, ga shingaye, ga tayar da ta suɗe. Shi ya sa «Sannu ba ta hana zuwa» ke wuce mutum a guje, ƙura na bin ta. Masu dariyar wannan saɓani ba su lura cewa maganar addu'a ce ba, mai ita yana roƙon natsuwar da bai samu ba tukuna.

Ba duka rubutun ke da daɗi ba. Wanda aka buga a na'ura aka manna, iri ɗaya a mota goma, ba ya faɗin kome game da mai shi. Mafi armashi shi ne habaici, inda ake jin akwai wani da ake nufi: ɗan uwan da ya hana rance, ko maƙwabcin da ya ce motar ba za ta shekara ba. «Mahassada, sai haƙuri» gajeren labari ne da aka ɓoye farkonsa.

Malamai sukan tsaya kan ƙa'idar rubutu, su ga «Hankouri» da haruffan Faransanci su girgiza kai. Suna da hujja: an tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar tun 1999, kuma a 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma mai fentin ya rubuta da abin da makaranta ta ba shi ne, kuma ya zaɓi harshensa tun ba a umurce shi ba. Ran da aka sayar da motar, sabon mai ita yakan kai ta wurin mai fenti, a shafe maganar wancan a ɗora tasa.